Tarihin Kwamfutar Cikin Kwamfuta: Daga Ɗakin Saba Zuwa Teburin Mutum Ɗaya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa gwada buɗe Windows a cikin Linux, ko Linux a cikin Windows, a kan kwamfuta guda, ya san cewa manhajojin da ke yin wannan aiki ba halinsu ɗaya ba. Akwai wadda da zarar an girka ta allo zai daidaita kansa, sauti ya fito, a kwafi rubutu daga wannan ɓangare a liƙa a wancan. Akwai kuma mai ƙarfi da juriya, wadda za ta yi watanni tana aiki ba ta tsaya ba, amma idan mutum ya zauna gabanta sai linzami ya yi ta kuɓuce masa, hoto ya riƙa yankewa, sauti kuwa babu labarinsa. Ta farko domin tebur aka gina ta, ta biyu kuma domin ɗakin saba.

Mutane da yawa suna son ƙarfin ta biyu haɗe da sauƙin ta farko. Wannan rubutu zai bibiyi tarihin wannan buri tun daga 1964 har zuwa 'yan shekarun nan. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, kowane jin daɗi da mai tebur yake samu a manhajar saba ƙari ne da wasu suka ɗinka daga baya, kuma tsawon ransa yana hannun wanda ke ɗaukar nauyin kula da shi.

Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da ake ajiyewa a ɗaki mai sanyi domin ta yi wa wasu kwamfutoci hidima ta hanyar sadarwa. Galibi ba ta da allo ko linzami, domin ba wanda ke zama gabanta. Babbar manhaja ita ce irin su Windows da Linux, wadda sauran manhajoji ke gudana a kanta. Kwamfutar cikin kwamfuta kuwa na'ura ce da manhaja ta kwaikwaya. Babbar manhajar da aka ɗora mata tana ganin kamar tana da ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta da allonta, alhali rabo aka yanka mata daga na'urar gaske.

Masana fannin suna kiran na'urar gaske mai masauki, ta kwaikwayon kuma baƙuwa. Manhajar da ke tsaye tsakaninsu za mu kira ta fatoma, aron sunan mutumin nan da ke saukar da fatake a gidansa, ya ba kowa ɗaki, ya tsare masa kaya, ya kuma shiga tsakaninsa da kasuwa.

Mafari: Kowa da Tasa

A 1964, a cibiyar binciken kamfanin IBM da ke garin Kambirij na jihar Massachusetts a Amurka, wasu injiniyoyi, cikinsu har da Robert Creasy da Les Comeau, suka soma aikin wata manhaja mai suna CP-40. A wancan zamani kwamfuta guda takan cika ɗaki. Mai son a yi masa lissafi yakan huda katuna ya miƙa wa ma'aikatan ɗakin, ya dawo bayan sa'o'i ya karɓi sakamako a takarda. Injiniyoyin nan suka ɗauki na'urar System/360 samfurin 40, suka yi mata gyara, suka raba ta zuwa baƙi har 14. A kan kowace baƙuwa suka ɗora wata babbar manhaja mara nauyi mai suna CMS, wadda mutum ɗaya kawai take yi wa aiki. Mutum sai ya zauna gaban wata na'ura mai kama da tafireta, ya buga umarni, a ba shi amsa nan take, tamkar shi kaɗai ke da kwamfutar.

CP-40 ta soma aiki a watan Janairun 1967. CP-67 ta biyo ta, sannan a watan Agustan 1972 IBM ya shelanta VM/370. Abin lura a nan shi ne, an ƙirƙiri kwamfutar cikin kwamfuta ne domin a ba mutum ɗaya kwamfutarsa ta kansa, shekaru da dama kafin kwamfutar tebur ta shiga kasuwa. Sai dai bukatar mutumin a lokacin ba ta wuce haruffa a kan takarda ba. Babu hoto, babu sauti, babu linzami.

A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka fitar da maƙalar da ta zama tushen nazarin fannin. Sun gindaya sharuɗɗa uku: aiki ya gudana a baƙuwa kamar yadda zai gudana a na'urar gaske, fatoma ya riƙe ikon rabon kayan aiki gaba ɗaya, sannan mafi yawan umarnin baƙuwa ya tafi ƙwaƙwalwar na'ura kai tsaye domin kada a yi asarar gudu. Dukkan sharuɗɗan a kan ƙwaƙwalwa da rabon kaya suke. Abin da ido zai gani ko kunne zai ji bai shigo lissafi ba tukuna.

Dusashewa da Dawowa

Da IBM ya fitar da kwamfutar tebur a 1981, farashi ya yi ta sauka har kowane ma'aikaci ya iya samun tasa, sai dabarar rabon na'ura ɗaya ta koma cikin manyan ɗakunan bankuna da hukumomi. Ban da haka, ƙwaƙwalwar Intel ta jerin x86, wadda ta mamaye kwamfutocin tebur, ba ta cika sharuɗɗan Popek da Goldberg ba. Wani bincike da John Robin da Cynthia Irvine suka gabatar a 2000 ya lissafa umarni 17 na ƙwaƙwalwar Pentium waɗanda baƙuwa za ta iya bayarwa a kan al'amura masu haɗari ba tare da labari ya kai ga fatoma ba. Fatoman da baƙi ke shiga taskarsa bai sani ba kuwa, ba shi da ikon gidan.

Maganin ya fito daga Jami'ar Stanford, inda Mendel Rosenblum da ɗalibansa suka farfaɗo da dabarar a wani aiki mai suna Disco a 1997. A 1998 shi da Diane Greene da abokan aikinsu suka kafa kamfanin VMware. Hikimarsu ita ce fatoma ya riƙa karanta umarnin baƙuwa kafin su isa ƙwaƙwalwa, ya sake rubuta masu haɗarin, ya bar sauran su wuce. Hajar farko da suka fitar a 1999, VMware Workstation, ta tebur ce. Masu rubuta manhaja ne suka fara rungumar ta, domin ta ba su damar gwada aikinsu a kan babbar manhaja fiye da ɗaya ba tare da sun sayi kwamfuta ta biyu ba. Ke nan a karo na biyu ma, ta ƙofar mutum ɗaya dabarar ta shigo.

Rabuwar Hanya

Kuɗi kuwa a wani wuri suke. Kamfanoni sun saba ware wa kowane aiki sabarsa, ta yadda ɗaki zai cika da na'urori masu shan wuta, mafi yawansu suna zaune kusan babu aiki. Idan aka mayar da su baƙi a kan na'ura ɗaya, an rage kuɗin wuta da na sanyaya ɗaki da na sayen ƙarfe. A 2001 VMware ya fitar da ESX domin saba, kuma a farkon 2004 kamfanin EMC ya saye shi a kan sama da dala miliyan 600. A 2003 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Ian Pratt, suka fitar da Xen, wadda a kanta Amazon ya gina hidimar hayar kwamfutoci ta EC2 a 2006. Intel a 2005 da AMD a 2006 suka ƙara wa ƙwaƙwalensu tallafin da ya toshe kafar nan ta umarni 17. A kan wannan tallafi Avi Kivity na kamfanin Qumranet da ke Isra'ila ya rubuta KVM, wadda ta shiga zuciyar Linux a fitowa ta 2.6.20 a watan Fabrairun 2007. Microsoft ya biyo baya da Hyper-V a 2008.

A daidai waɗannan shekaru reshen tebur ma ya yi ta tofo. Bayan Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel a 2006, Parallels Desktop ta fito a shekarar, VMware Fusion kuma a 2007. Kamfanin Innotek na Jamus ya buɗe VirtualBox ga jama'a a watan Janairun 2007, kafin Sun ya saye shi a 2008, Oracle kuma ya gaji Sun a 2010. Waɗannan manhajoji sun zo da ƙananan kayan da ake girkawa a cikin baƙuwa domin allo ya bi girman taga, linzami ya shiga ya fita ba cikas, a kuma yi tarayya a kan ma'ajiyar fayil.

Rassan biyu sun bambanta ne a ma'auni. Mai kula da saba yana tambayar baƙi nawa na'ura za ta ɗauka, wata nawa za ta yi ba a kashe ta ba, da kuma ko za a iya ƙaurar da baƙuwa zuwa wata na'ura tana tsakiyar aiki. Mai tebur kuwa abin da ya dame shi shi ne tazarar da ke tsakanin motsin hannunsa da abin da idonsa ke gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon waɗannan ɗakuna biyu ba wuri ɗaya yake ba.

Cike Giɓi na Farko: Allo da Linzami

KVM ƙwaƙwalwa kawai take rabawa. Sauran kayan baƙuwa, kamar katin hoto da na sauti da linzami, manhajar QEMU ce ke kwaikwayon su, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003. Domin kowace babbar manhaja ta gane kayan ba wahala, QEMU ta zaɓi kwaikwayon tsofaffin na'urori na shekarun 1990, irin su katin hoto na Cirrus Logic da linzami mai mahaɗin PS/2. Wannan ya wadatar wajen girka saba a rufe taga a tafi. Bai wadatar da wanda zai wuni yana aiki ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin farko na leƙa allon baƙuwa ita ce VNC, wadda aka ƙirƙira a ɗakin binciken Olivetti da Oracle da ke Kambirij ta Ingila, aka sake ta ga jama'a a 1998. Aikinta shi ne ta duba sassan allon da suka canza, ta aika hotonsu. Ƙaramin lissafi zai nuna nauyin aikin. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. Idan kowane ɗigo ya ci bayit 4, hoto ɗaya ya haura megabayit 8. Idan kuma ana sabunta shi sau 60 a daƙiƙa, ana maganar kusan megabayit 500 a kowace daƙiƙa. Rubutu ba ya canza allo sosai, shi ya sa VNC ke isar mai kula da saba. Bidiyo kuwa kusan kowane ɗigo yake canzawa, nan ne hoto ke fara yankewa. Ga shi kuma asalin ƙa'idar VNC ba ta ɗaukar sauti.

Matsalar linzami ta fi ban mamaki. Linzamin PS/2 ba ya faɗin inda kibiya take, yana faɗin yawan motsin da aka yi ne kawai: taki kaza dama, taki kaza sama. Mai masauki da baƙuwa kowa yana da nasa tsarin ƙara wa motsin sauri, saboda haka sai a wayi gari da kibiyoyi biyu a allo, ɗaya tana bin ɗaya ba su haɗu ba. Maganin da aka samo shi ne a yi wa baƙuwa kwaikwayon allon zane mai mahaɗin USB, irin wanda masu zane ke rubutu a kai da alƙalami, domin shi ainihin wurin yake faɗa. Har yau akwai baƙi masu ɗimbin yawa da ke ganin kamar an jona musu allon zane, alhali linzami ne a hannun mai su.

SPICE da Virtio

Kamfanin Qumranet bai rubuta KVM domin saba kaɗai ba. Hajar da yake son sayarwa ita ce ta ajiye kwamfutocin teburin ma'aikata a ɗakin saba, kowa ya riƙa shiga tasa daga ƙaramar na'ura a ofishinsa. Domin haka ya ƙirƙiri ƙa'idar sadarwa mai suna SPICE. Red Hat ya sayi Qumranet a watan Satumban 2008 a kan dala miliyan 107, ya kuma buɗe SPICE ga kowa a watan Disamban 2009. SPICE ta zo da katin hoto na kwaikwayo mai suna QXL, da sauti mai shiga da fita, da damar amfani da allo fiye da ɗaya. An kuma haɗa ta da wani ɗan wakili da ake girkawa cikin baƙuwa, wanda ke kula da kwafe da liƙa da daidaita girman allo. Daga baya aka ƙara hanyar miƙa wa baƙuwa na'urar USB, kamar filashi, da aka jona a kwamfutar mai kallo.

A gefe guda, Rusty Russell ya tsara virtio, wadda ta shiga Linux a 2008. Tunaninsa shi ne a daina yaudarar baƙuwa da tsofaffin na'urori. A gaya mata gaskiya cewa baƙuwa ce, a ba ta gajeriyar hanyar magana da fatoma. An fara da ma'ajiya da sadarwa, wato bukatun saba. Hoto da rabon fayil sun zo daga baya: virtiofs, alal misali, sai a 2019 ta shiga Linux. Tsarin zuwan nasu kaɗai ya isa ya nuna wanda ake fara yi wa hidima.

Da waɗannan kaya ne manhajoji irin su virt-manager da GNOME Boxes da Proxmox, wadda wani kamfani a Vienna ta Ostiriya ya fara fitarwa a 2008, suka iya ba mai tebur abin da ya yi kusa da VirtualBox a kan KVM.

Katin Hoto: Babban Tudu

Wasannin kwamfuta da zanen gine-gine da tace bidiyo suna bukatar katin hoto na gaske. Hanyoyi biyu aka bi. Ta farko ita ce a ɗauki katin ɗungurungum a miƙa wa baƙuwa. Wannan bai yiwu cikin aminci ba sai da Intel da AMD suka ƙara wani sashe a na'ura mai hana katin taɓa ma'ajiyar da ba ta baƙuwarsa ba. A kan wannan Alex Williamson na Red Hat ya gina VFIO, wadda ta shiga Linux 3.6 a 2012. An yi ta ne musamman domin miƙa wa sabobi kaya irin su katin sadarwa, amma masu sha'awa suka juya ta zuwa katin hoto. Gudun da ake samu ya yi kusa da na na'urar gaske. Farashinsa shi ne mai masauki ya rasa katin, saboda haka ana bukatar kati biyu, sau da yawa har da allo biyu, kuma ƙaurar da baƙuwa tana tsakiyar aiki ta zama da wuya.

An kuma yi shekaru direban katunan GeForce na Nvidia yana ƙin aiki idan ya gane cewa a cikin baƙuwa yake, sai ya nuna kuskure mai lamba 43. Masu amfani suka koyi ɓoye masa fatoma. Sai a watan Maris na 2021 kamfanin ya ba da izinin hakan a hukumance. Matsalar allo na biyu kuwa wani mai rubuta manhaja, Geoffrey McRae, ya magance ta a 2017 da Looking Glass, wadda ke kwafo hoton baƙuwa ta wata ma'ajiya da ɓangarorin biyu ke tarayya a kai, ta nuna shi a tagar mai masauki.

Hanya ta biyu ita ce katin ya zauna a hannun mai masauki, baƙuwa ta riƙa aiko masa da umarnin zane. Wannan shi ne aikin virgl na Dave Airlie, wanda ya shiga QEMU a ƙarshen 2015 da Linux a farkon 2016. Ba ya bukatar kati na biyu, amma bai kai hanyar farko gudu ba, kuma baƙi masu Linux ne suka fi cin moriyarsa.

Abin da Aka Bayar Aka Karɓe

Microsoft ma ya bi irin wannan turba. Ya kawo Hyper-V cikin Windows 8 a 2012, amma tagarta ba ta da sauti ko sauƙin kwafe da liƙa sai a 2013, lokacin da aka haɗa ta da RDP, ƙa'idar kamfanin ta shiga kwamfuta daga nesa. Akwai kuma RemoteFX, wadda tun 2011 ke ba baƙi damar tarayya a katin hoto guda. A watan Yulin 2020 kamfanin ya dakatar da wannan sashe saboda raunin tsaro, ya kuma cire shi a watan Afrilun 2021.

SPICE ma ta gamu da nata. Red Hat, wanda ya saye ta ya kuma raine ta, ya cire ta daga babbar manhajarsa ta kasuwanci a fitowa ta 9 a 2022, ya mayar da masu amfani ga VNC. Da yake a buɗe take ba ta mutu ba, tana nan a QEMU da Debian da Proxmox, amma babban mai ɗaukar nauyinta ya janye hannu. A ɓangaren VMware, Broadcom ya kammala sayen kamfanin a watan Nuwamban 2023, kuma a 2024 aka mayar da Workstation da Fusion kyauta. Hajar farko da kamfanin ya fitar a 1999 ta zama abin da ake bayarwa ba a karɓi ko sisi ba, domin kasuwar tana ɗakin saba.

Inda kamfani ya ga riba kuwa, aikin yakan yi kyau cikin hanzari. WSL 2, wadda Microsoft ya fitar a 2020 domin jawo masu rubuta manhaja, baƙuwa ce mai Linux a kan fasahar Hyper-V. Zuwa 2021 tagogin manhajojin Linux suna buɗewa a cikin Windows da sautinsu, ta hanyar RDP, har mai amfani ba ya lura cewa akwai fatoma a tsakani.

Kammalawa

Tarihin ya fara da mutum ɗaya gaban tafireta a 1967, ya sake farawa da mutum ɗaya gaban tebur a 1999, amma a karo biyun ɗakin manyan injuna ne ya janye dabarar zuwa gare shi. A yau ana iya samun allo mai kyau da sauti da katin hoto a kan KVM ko Hyper-V, sai dai kowanne daga cikinsu yanki ne mai tarihinsa da masu kula da shi: linzami daga kwaikwayon allon zane, kwafe da liƙa daga wakilin SPICE ko RDP, gudun hoto daga VFIO ko virgl. Wanda ya san haka, idan abu ya ƙi aiki zai san yankin da zai duba, maimakon ya zargi manhajar gaba ɗaya.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ɗalibin da zai ɗora karatunsa ko sana'arsa a kan irin wannan manhaja, bayan ya tambaya ko tana da abin da yake so, ya kamata ya ƙara da tambayar wa ke kula da wannan sashe a yanzu, kuma me zai sa ya ci gaba da kula da shi. Masu dogaro da RemoteFX sun ga amfanin wannan tambaya a 2020, masu dogaro da SPICE a manhajar Red Hat kuma a 2022.